Ido da sikeli: yadda ake koya wa kwamfuta kiyasin tartsatsin ƙwayoyin zarra

Gaisuwa ga iyayenmu makiyaya da ke ruga, da dillalan kasuwar shanu ta Adetikope, da 'yan canji da masu dakon kaya a Aflao da Hilakonji, har zuwa direbobin da ke zaman jiran takarda a Sinkase. Daga nan Bè muke magana, kamar kullum. Yau za mu yi tafiya mai nisa, amma kada Alhaji ya kashe rediyo, don maganar a kan kiyasi ce, kuma a fagen kiyasi ku ne malamanmu.

Tafiyar zuwa wata iyaka ce, ta Faransa da Suwizalan. Kusa da birnin Jeniba, a ƙarƙashin ƙasa zurfin kamar mita 100, akwai wani rami mai zagaye kamar zobe. Kewayensa kilomita 27 ne, wato bai kai tafiyar Lome zuwa Tsevie ba. Cibiyar bincike ta CERN, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954, ita ke da shi. Kun san duk abin da ke duniya, gishiri ne ko ƙarfe ko naman jikinmu, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu ƙanana da ake kira firoton. Su ake sakawa a ramin nan, a kore su da gudu har su kusa gudun haske. Suna zagaye zoben sau fiye da 11,000 a daƙiƙa ɗaya, zoben kuwa ya ratsa iyakar ƙasashen biyu a wuri huɗu. Ku yi lissafi da kanku. Sama da tsallake 44,000 ke nan a daƙiƙa, ba duwan, ba mai tambayar katin shaida, ba mai cewa a sauke kaya. Na san wasunku za su ce ina ma a ce.

Ana koro firoton ɗin garke biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sai a haɗa su karo. Garkunan suna gamuwa har sau miliyan 40 a daƙiƙa. A wurin karon an kewaye su da manyan na'urorin awo. Ɗaya daga ciki sunanta ATLAS, tsawonta mita 46, tsayinta mita 25, nauyinta tan 7,000. In tirela tana ɗaukar tan 40, sai an jera 175 kafin a kwashe ta. Aikinta shi ne ta ga abin da ya fito daga karon, ta faɗi ko mene ne, da ƙarfin da ya fito da shi.

To, yaya ake auna ƙarfin abin da ido ba ya gani, mai gudu kamar haske? Ana gitta masa bango ne. A cikin ATLAS akwai sashe mai suna kalorimita, an yi shi da faifan dalma jere-jere, a tsakaninsu an zuba iskar argon da aka sanyaya har ta zama ruwa, sanyin digiri kusan 185 ƙasa da sifili. Idan ƙwayar lantarki, wato ilektiron, ta faɗa cikin dalmar nan, sai ta tofar da ƙwayar haske, wadda ake kira fotan. Ƙwayar hasken ta ɗan matsa gaba, sai ta tsage ta zama ƙwayoyi biyu. Kowacce daga cikinsu ta sake tofar da haske, hasken ya sake tsagewa. Duk bayan kamar rabin santimita na dalma adadin yana ninkawa, ƙarfin kowace ƙwaya yana raguwa, har su gaji su tsaya. Ilektiron ɗaya mai ƙarfin 100 a ma'auninsu da suke kira GeV yana iya zama ƙwayoyi sama da 10,000, duk a cikin dalmar da kaurinta bai kai taƙi ɗaya ba. Wannan ɓarin shi za mu riƙa kira tartsatsi a shirin yau.

'Yan canji za su fi kowa saurin gane shi. Ka ɗauki takardar jaka goma ka fasa ta, ka sake fasa abin da ya fito, ka yi ta fasawa har ya zama duk tsaba. Wanda bai ga takardar farko ba, in ya tattara tsabar ya ƙirga, zai san jaka goma ce ta shigo. Sai dai a nan akwai wahala biyu. Fashin ba rabi da rabi yake tafiya ba, wani lokaci bakwai da uku, wani lokaci tara da ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya faɗi wanda zai zo. Shi ya sa ko ka harba ilektiron iri ɗaya sau dubu, ba za ka sami tartsatsi biyu masu kama sak ba. Wahala ta biyu kuma, na'urar ba ta ƙirga tsabar duka. Abin da ya faɗa cikin ruwan argon kaɗai take ji, wanda ya maƙale a dalma ya tafi. Kamar a ce ka leƙa aljihu ɗaya cikin biyar, daga nan ka faɗi kuɗin da ke jikin mutum.

Kafin mu wuce, kada ku ɗauka abin na Turai ne kaɗai. Irin wannan tartsatsi yana faruwa a saman kanmu yanzu haka. Ƙwayoyi masu ƙarfi suna zuwa daga sararin samaniya su bugi iskar sama, su fashe, ɓaraguzansu su zubo ƙasa. Wani Bafaranshe, Pierre Auger, ya nuna faɗin wannan ɓari tun 1938. Daga cikin abin da ke isowa ƙasa akwai wata ƙwaya mai suna miyon, kuma in ka shimfiɗa tafin hannunka, kusan guda ɗaya ke ratsa shi a kowace daƙiƙa, kana kasuwar Bè ne ko kana kiwo a Dapaong. Ba ta jin zafi, ba ta barin tabo.

Mu koma rami. Tun da na'urar ɓangare kawai take gani, kuma kowane tartsatsi da irin kamarsa, dole masu binciken su san tun farko yadda za ta amsa wa kowace irin ƙwaya. Makiyayin da bai san shanu nawa suka fita da safe ba, ba zai san an yi ɓata ko an yi ƙari da yamma ba. Haka su ma. Suna sa kwamfuta ta kwaikwayi karon tun daga farko har ƙarshe bisa abin da kimiyya ta riga ta sani, sannan su ɗora wannan kwaikwayo kusa da abin da na'urar ta auna da gaske. In biyun sun yi daidai, to, ba sabon labari. In an ga ƙari a wani wuri, mai yiwuwa an gano sabon abu. Da irin wannan kwatance aka tabbatar da ƙwayar Higgs, wadda aka yi shelarta ran 4 ga Yuli, 2012. Ita wannan ƙwaya tana fitowa ne kamar sau ɗaya a karo biliyan, kuma cikin duk dubu da suka fito, kamar biyu ne ke rikiɗa su zama ƙwayoyin haske biyu, waɗanda kalorimita ke aunawa. Kun ga ashe in kwaikwayon tartsatsi ya karkace ko kaɗan, ana iya ganin abin da babu, ko a rasa abin da ke nan.

Manhajar da ke wannan kwaikwayo sunanta Geant4, an fara sakin ta a 1998, kuma kyauta ce ga mai so. Har masu lissafin gashin cutar daji a asibitoci da masu ƙera kayan kumbo suna aiki da ita. Yadda take yi shi ne bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki ƙwaya, ta matsar da ita taku ɗaya, ta duba ko dalma ce a wurin ko argon ko ƙarfe, ta jefa ƙuri'a a kan abin da zai faru, in ta tsage ta rubuta 'ya'yan a layi, ta gama da uwar, ta dawo kan 'ya'yan, da jikoki, da tattaɓa kunne. Aiki ne mai gaskiya, amma akwai nawa. Karo ɗaya yana iya cin mintuna a kwamfuta, su kuwa biliyoyi suke bukata. Mutanen ATLAS sun ce kusan kashi 80 cikin 100 na lokacin kwaikwayon a tartsatsin kalorimita yake tafiya. Suna da cibiyoyin kwamfuta kusan 170 a ƙasashe fiye da 40 da aka haɗa su aiki ɗaya, duk da haka abin yana neman fin ƙarfinsu. Ga shi kuma ana gyaran injin don wajen 2030 ya ƙara yawan karo. Inda yanzu firoton kamar 60 ke karo a gamuwa ɗaya, ana sa ran ya kai 140 zuwa 200. Kuɗin sayen kwamfuta da na wutar lantarki ba za su ninka haka ba.

Yanzu ku zo mu shiga kasuwar shanu. A ce an kawo bijimai 300 safiya ɗaya, a ce kuma sai an ɗora kowanne a sikeli kafin a yi ciniki. Rana za ta faɗi ba a sallami rabi ba. Abin da ke faruwa kuwa kun san shi. Tsohon dillali ya zagaya sa sau ɗaya, ya dubi tozo, ya taɓa gindin wutsiya, ya danna haƙarƙari, ya ce wannan zai ba da nama kilo kaza. Mahauci ya yanka, ya auna, sai a tarar bai kauce da yawa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kuma dillalin nan ba da ilimin aka haife shi ba. Shekara talatin yana faɗin kiyasinsa, mahauta suna dawo masa da labarin abin da sikeli ya nuna, yana gyara idonsa. Sikelin ne ya koyar da idon.

Wannan ita ce dabarar da masu binciken suka ɗauko. Suka ce bari mu bar Geant4 ta sha wahala sau ɗaya, ta samar da tartsatsi dubbai bisa cikakken lissafi, sannan mu nuna wa wata manhaja mai koyo waɗannan misalai har ta san kamanninsu. Daga nan in an ce mata ga ilektiron mai ƙarfi kaza ya shigo ta kusurwa kaza, ba za ta bi ƙwayoyi ɗaya-ɗaya ba. Za ta ƙago hoton ƙarshen kai tsaye, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Irin waɗannan manhajoji ana ce musu masu ƙagowa, kuma dangin waɗanda ke zana hoton mutumin da ba a taɓa haifa ba ne.

Ga yadda horarwar take. Ana yanka sararin da tartsatsin ke bazuwa zuwa ƙananan gurabe, kamar a ɗauki gona a tsaga ta fegi-fegi, a rubuta ƙarfin da ya sauka a kowane gurbi. Tartsatsi ɗaya ya zama jerin lambobi ke nan, ɗaruruwa ko dubbai. Ita manhajar a cikinta akwai ɗimbin lambobin saiti, ku ɗauke su kamar maɓallan murɗa rediyo. Ana ba ta irin ƙwayar da ƙarfinta, a haɗa mata da wasu lambobin ƙuri'a don kada ta riƙa maimaita hoto ɗaya, ta fitar da nata tartsatsin. Da farko shirme take fitarwa. Sai a auna nisan shirmen da na gaskiya, a ɗan murɗa maɓallan ta inda nisan zai ragu, a sake. Haka za a yi ta yi, sau dubbai kan dubbai.

Tambayar ita ce wa zai faɗi nisan, tun da ba amsa ɗaya tak ake nema ba? Dabarar da aka fara yi da ita ta fito ne a 2014 daga wani ɗalibi a Jami'ar Montreal ta Kanada, Ian Goodfellow, da abokan aikinsa. Ana kiranta GAN. Manhajoji biyu ake haɗawa gaba, kuma shi kansa da mai buga jabun kuɗi da ɗan sanda ya kwatanta su. Mu mu ce mai jabu da ɗan canjin Aflao. Mai jabu ya buga takarda, a cakuɗa ta da na gaske a miƙa wa ɗan canji, ya ware. In ya kama jabun, mai jabu ya koma ya gyara aikinsa. In jabun ya wuce, ɗan canji ya ƙara wasa idonsa. Kowanne yana tilasta wa ɗayan ƙwarewa, har a kai inda ɗan canji ya koma canki-canki. A nan sai a sallami ɗan canji, a riƙe mai jabu, don shi ake nema tun farko. A 2017 wasu masu bincike uku a Amurka, Michela Paganini da Luke de Oliveira da Benjamin Nachman, suka gwada wannan a kan tartsatsin kalorimita, suka sa wa aikin suna CaloGAN. Saurin da suka samu ya ninka na Geant4 sau dubbai, kowa ya zabura.

Amma mai jabu yana da wata muguwar ɗabi'a. In ya gano takarda ɗaya da ke wuce ɗan canji, sai ya daina wahalar da kansa da sauran, ya yi ta buga ita kaɗai. Kowace takarda in ka duba ta ita kaɗai ba ka ga aibu, sai ka tara dubu ka ga duk 'yan uwan juna ne. A tartsatsi wannan babbar illa ce, don bambancin da ke tsakanin wannan da wancan shi ne rabin abin da ake son sani. Saboda haka aka fito da gwaji mai tsanani. Bayan an gama horarwa, a kawo sabon ɗan canji wanda bai taɓa haɗuwa da mai jabun ba, a koya masa aikin wariya kaɗai, a ga ko zai iya. A 2021 Claudius Krause da David Shih suka yi wannan gwaji, sai ga shi sabon alƙalin yana gane tartsatsin CaloGAN kusan ɗari bisa ɗari. Abin da ya yi kyau a idon mutum, a gaban alƙalin na'ura tsirara yake. Su kuma suka kawo tasu hanyar mai suna CaloFlow, wadda ta fi iya ruɗa alƙalin.

Ni a ganina wannan gwaji ya fi ƙagowar kanta daraja. Kowa na iya nuna maka hoto mai kyau ya ce injinsa ya iya aiki. Wanda ya ɗauko mai binciken da ba nasa ba ya ce zo ka kama ni in ka iya, shi ne za a yi ciniki da shi.

Ku dubi kuma yadda ATLAS ta yi da abin ya zo hannunta. A 2021 ta bayyana sabon tsarinta na kwaikwayo mai sauri, AtlFast3. Ba manhaja ɗaya suka horar ba, 300 ne. Sun tsaga na'urar yanki 100 bisa kusurwa, don kaurin ƙarfe da wayoyi da giɓi sun bambanta daga wuri zuwa wuri, sannan kowane yanki aka yi masa manhaja uku, ta ilektiron, ta fotan, da ta wata ƙwaya mai suna fayon, wadda tartsatsinta ya fi tsawo da hargitsi. An koyar da su a matakan ƙarfi 15, kowane mataki ninkin na bayansa. Da aka gama, sai aka gwada kowacce da Geant4, kuma ba duka aka ɗauka aiki ba. A zubin farko, fayon masu matsakaicin ƙarfi aka bar wa GAN, don a nan ta yi fice. Ilektiron da fotan aka bar su ga tsohuwar hanyar jadawali da aka inganta. Miyon kuwa, da duk abin da ke faruwa a sashen ciki kafin a iso kalorimita, har yanzu Geant4 ce ke bin su taku-taku. Shi ya sa in an haɗa lissafin karo gaba ɗaya, saurin da aka samu yake tsakanin ninki 3 zuwa 15, ba dubbai ba. Maigidan kirki ma haka yake yi. Yaron da ya iya tumaki ya tura shi Gbosime, wanda ya iya shanu ya tura shi Adetikope, ciniki mai nauyi kuma ya je da kansa.

A 2022 aka buɗe gasa ga duk mai so a duniya, mai suna CaloChallenge. Aka ajiye misalan tartsatsi a intanet mataki-mataki, daga mai gurabe 368 zuwa mai 6,480 har mai 40,500, aka ce kowa ya horar da tasa manhajar ya kawo a auna da ma'auni ɗaya. Da rahoton ya fito a 2024, ayyuka 31 aka gwada. Cikin waɗanda suka fi kama da gaskiya akwai masu wata dabara da zan kwatanta muku da hazon hunturu. A ɗauki hoto mai kyau a riƙa watsa masa ƙura kaɗan-kaɗan har ya ɓace, manhajar tana kallo tana koyon yadda ake share ƙurar mataki ɗaya baya. In ta ƙware, sai a ba ta ƙura zalla, ta yi ta sharewa har hoton da ba a taɓa ɗauka ba ya bayyana. Aikin yana fita da kyau, amma sharar tana iya kai mataki ɗaruruwa, saurin da aka zo nema ya ragu ke nan. Masu GAN da danginsu sun fi gudu, sun kuma fi kuskure. Ba a sami wadda ta haɗa duka ba, sai dai kowa ya zaɓa bisa bukatarsa, kamar mai zaɓe tsakanin zemijan da tirela.

Saura wurin da abin ya fi haɗari, kuma a nan nake so iyayenmu makiyaya su saurara da kyau, don ku za ku fi ni iya bayaninsa. Dillalin da ya yi rayuwarsa a kan bunaji da rahaji da bokoloji, shanu masu tozo da dogayen ƙafafu, a kawo masa muturu irin na bakin ruwan nan na kudu, gajere, ba tozo, jiki a cure. Zai faɗi kiyasi, kuma da ƙarfin zuciya zai faɗa, amma idonsa bai taɓa koyon wannan jiki ba. Dillalin kirki zai ce a kawo sikeli. Manhaja ba ta da wannan kunyar. In aka tambaye ta ƙarfin da ba a koya mata ba, ko aka canza kaurin dalma a na'urar, za ta fitar da hoto sumul kamar ta sani. Dole a koma wa Geant4 a samo sababbin misalai, a sake horo.

Ko a cikin abin da aka koya mata ma akwai rami. A ce an nuna mata tartsatsi 10,000. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin miliyan, da wuya ya shigo cikinsu, don haka ba ta san da shi ba, ko ta ƙago tartsatsi biliyan. Misali, jefi-jefi tartsatsin fayon yana huda kalorimita ya ɓulla ta baya, ya shiga sashen da ke jiran miyon, har a zaci miyon ne. Mutanen ATLAS sai da suka yi wa wannan huda tsari na musamman a cikin AtlFast3. Kuma ku tuna, abin da ake haƙa ramin kilomita 27 dominsa shi ne wanda ba kasafai yake faruwa ba. Manhajar ta fi ƙwarewa a kan na kullum, masu binciken kuwa baƙon suke jira. Shi ya sa ba wanda ya ajiye Geant4. Ita ke haifar da misalan horo, ita ake komawa a gwada, kuma binciken da ke bukatar awo mai tsauri da ita ake yin sa ko da zai ci lokaci.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu. Ruwanmu shi ne dangin manhajojin nan sun riga sun shigo wayoyinmu. Akwai masu cewa ka ɗauki hoton sa su faɗa maka nauyinsa. Akwai masu kwaikwayon murya, har a aiko maka saƙon WhatsApp da muryar da ta yi kama da ta maigidanka ko ɗanka, ana cewa ka tura kuɗi yanzu-yanzu. Wanda ya zo maka da manhajar awon dabba, tambaye shi da shanun wace ƙasa aka koyar da ita, sannan ku gwada ta a kan dabba goma da kuka san abin da sikeli ya ba su, har da ramammu da masu ciki, kafin ka yarda ta shiga tsakaninka da mai saye. Saƙon murya kuwa, Hajiya, kira lambar da kika sani tun da, ki tambayi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Mutanen da ke da kwamfuta a ƙasashe 40 ma ba su yarda da tasu ba sai da alƙali.

Akwai kuma abin da zai faranta wa mutanen Lome rai. Cikin dubban masu bincike na ATLAS akwai Dakta Kétévi Assamagan, wanda ya yi digirinsa na farko a jami'armu ta nan Lome, lokacin ana kiranta Jami'ar Benin, ya gama a 1985. Ya wuce Amurka ya yi digirin dakta a Jami'ar Virginia a 1995, ya kama aiki a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York, har ya taɓa jagorantar rukunin masu neman ƙwayar Higgs a ATLAS. Yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kimiyyar fiziks ta Afirka, wadda ake yi duk bayan shekara biyu a wata ƙasa, a tara ɗaliban jami'a daga ko'ina a nahiyar na 'yan makonni. An fara a Afirka ta Kudu a 2010, aka zo nan maƙwabta Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016. Maroko da Afirka ta Kudu suna da jami'o'in da ke cikin ATLAS da kansu.

Misalan gasar nan ta 2022 suna nan a intanet kyauta, Geant4 ma kyauta. Ƙaramin matakin, mai gurabe 368, bai fi ƙarfin kwamfuta mai ɗan dama ba. Abin da zai ci kuɗi shi ne data, da wutar da ba ta ɗaukewa, da malamin da zai duba aikin. Don haka Alhaji, in kana da ɗa ko 'ya a jami'ar Lome ko ta Kara da ke karatun lissafi ko fiziks ko kwamfuta, ka aika masa da wannan takarda, ka ce ya nemi sunan gasar da na makarantar, ya kuma tambayi malamansa lokacin da ake buɗe neman shiga.

Lokaci ya cimma mana. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta hanyar da aka saba, musamman dillalai, ina so in ji a kan wace irin dabba idonku ya fi yaudararku. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna da likitan dabbobi a kan rigakafin ciwon huhun shanu kafin garkuna su gangaro kudu. A huta lafiya.